Wai ya ɗaliban Somaliya ke riƙe ƙungiyoyinsu a jami'a?

Ɗan Samaru:
Salamu alaikum jama'a. Don Allah waɗanda suka yi karatu a waje ku ɗan warware min. Kwanan nan ina ta cin karo da bidiyon ɗaliban Somaliya a TikTok, musamman na Jami'ar Minnesota a Amurka, ɗakin taro cike maƙil ana rawarsu ta gargajiya mai suna dhaanto kowa da shuɗiyar tuta mai farin tauraro, mu kuwa ƙungiyar ɗaliban ƙaramar hukumarmu sai lokacin zaɓe ko in an ji ƙishin-ƙishin sikolashif kake ganin ƙeyar mutane, mitin ɗin da muka kira ran Asabar ko benci ba mu cika ba wlh. Meye sirrin ne?

Tsohon Ɗalibin Sudan:
Wa alaikumus salam ƙanena. Na zauna da su a Khartoum kafin yaƙin nan na 2023. Su fa tun daga filin jirgi akwai mai tarbar sabon ɗalibi, a kai shi ɗaki, a raka shi rajista, a nuna masa inda ake canjin kuɗi ba a cuce shi ba. Kuma suna adashi a tsakaninsu, in kuɗin wani ya makara daga gida sai a ce shi zai yi kwasar farko.

Amma ka duba inda suka fito. Tun da gwamnatin Siad Barre ta faɗi a 1991 ƙasa ta rikice, jami'ar gwamnatinsu ta Mogadishu ma rufewa ta yi sai 2014 aka sake buɗe ta, mutane suka watsu Kenya, Ingila, Amurka, to wanda ya tashi a haka ba sai an yi masa wa'azin zumunci ba. Kai kuwa in aljihu ya bushe tashar Kwangila ta nan Zariya kawai za ka je ka hau mota, kafin magariba kana gaban tuwon Hajiya, me zai kai ka mitin?

Bazazzagiya:
Ni dai ayabar nan da suke ci da shinkafa da nama ce ta tsaya min a rai, hhh. Yayana da ya yi karatu a Malesiya ya ce duk azumi buɗa-bakinsu tare ne, ga samosa ga shayi mai citta da kirfa. Ku ma ku dafa ko taliya ce ku gani in ba a zo ba.

Malam Na Kongo:
Ku daina zuzutawa haka. Bidiyo ba ya nuna rigimar da aka sha kafin a kunna kyamara. Mutanen da kujerun majalisarsu ma bisa dangi ake rabawa, tsarin nan na 4.5, wato manyan dangi huɗu kowanne kaso guda, ƙananan dangi kuma su haɗu a rabin kaso, kana ganin ba zai biyo ɗalibai makaranta ba? Ɗan Mogadishu na bikin 1 ga Yuli, ranar kafa Jamhuriyar Somaliya, wani ɗan Hargeisa, babban birnin yankin Somaliland, zai ce maka shi 18 ga Mayu ya sani, ranar da Somaliland ta ce ta ɓalle. Tutar da za a kafa a ɗakin taro kaɗai ta isa tada jijiyar wuya.

Ɗan Samaru:
Gaskiya ne Malam, mu ma ai ana ta fama da ɗan wace gunduma zai yi shugaba. Amma maganar tarbar 'yan aji ɗaya ta shige ni, zan kai ta mitin na gaba. Bazazzagiya ke za ki kawo tukunya ko?