Neman shawara kan gem ɗin Elden Ring: Margit ya tare ni a gada, dokin nan ne kaɗai ya hana ni ajiye gem ɗin

Ɗan Zazzau a Agege:

Assalamu alaikum jama'ar gida. Na daɗe ina karanta hirarku ban taɓa sa baki ba, yau dai abin ya kai ni maƙura.

Kayan gwari nake sayarwa a Mile 12, a Agege nake kwana, ɗaki ɗaya ni da abokin sana'ata. Bayan ƙaramar salla na tara 'yan kuɗi na sayi na'urar wasan gem ta PS4 ta hannu a kasuwar Alaba, mai shagon ya haɗa mini da faifan Elden Ring. Kafin nan ƙwallo kawai na iya bugawa. Yau sati uku kenan ina wuri ɗaya, gaban Margit, wancan bos ɗin, wato babban abokin gaba, da ke tsare hanyar shiga fadar Stormveil. Sai ya ɗaga sandarsa ya riƙe ta a sama kamar ya fasa, ina mirginawa gefe sai ya sauko da ita a daidai inda zan tashi. In na yi sa'a na rage masa jini sosai, sai ya zaro wata guduma ta haske, shi ke nan an gama da ni. Ga shi daga asuba nake fita, sai bayan isha nake dawowa. Awa ɗaya nake samu, in an ɗauke wuta kuma sai na sayi mai a janareta.

Abin da ya hana ni mayar da faifan shi ne dokin, Torrent. Kakana a Zariya yana da doki akawali da yake hawan salla da shi, kuma ni ne mai kula da shi tun ina firamare. Ni ke yanko masa ciyawa, in jiƙa masa dusa da kanwa, in share turkensa. Ya san takuna tun daga zaure, kafin in leƙo ya fara haniniya. Shekarata shida a Legas ban shafa gezar doki ba. Ranar da Melina, matar da ke yi wa ɗan wasa jagora a gem ɗin, ta ba ni zoben kiran doki, na yi fito dokin ya bayyana a ƙarƙashina, wallahi sai da na ajiye fad ɗin, wato abin da ake riƙewa a buga wasan, na yi shiru na ɗan lokaci. Ƙahoni gare shi kamar na akuya, bai yi kama da namu ba, amma ƙarar kofatonsa iri ɗaya ce. To a faɗan Margit ba a barin mutum ya hau shi. In ya kashe ni sau biyar ko shida, sai in juya filin Limgrave in yi ta kilisa har barci ya ɗauke ni.

Ku ba ni shawara. In ci gaba da wannan wahala, ko in musanya faifan da wani gem mai dabba da ba zai riƙa hana ni barci ba? Kuma ku gaya mini gaskiya, ni kaɗai ne zuciyata ta kamu da dabbar da ke cikin talabijin?

Mai Gyaran Waya, Ikeja:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kada ka musanya, ka zo wurin Margit da wuri ne kawai. Kamfanin FromSoftware da ya fitar da gem ɗin a 2022 ya ajiye shi a nan ne don ya kora ka baya ka je ka yi ƙarfi. Ka hau Torrent ka yi kudu, ka tsallaka gada zuwa Weeping Peninsula. Akwai majami'u uku a yankin da za ka samu Sacred Tear, abin da ke ƙara wa kwalbar maganinka ƙarfi. Duk abin da ka tara ka zuba shi a Vigor, wato tsawon jini, har ya haura 20. Makaminka kuma ka wasa shi a teburin maƙera da ke Church of Elleh, yana kaiwa mataki na 3 a wurin.

Amma babbar maganar ita ce wannan, tunda kai mai son dabba ne: ka koma Church of Elleh ɗin da dare. Akwai wata mayya mai babbar hula da za ta kira ka, ta ba ka ƙararrawa da tokar kyarketai. In ka kaɗa ta a filin Margit, kyarketai uku za su fito su far masa. Ba za su kashe maka shi ba, amma yana juyawa kansu ka samu bayansa, ka samu sararin shan magani. Ni ranar da na kayar da shi, kyarkeci ɗaya ne ya rage da ɗan guntun jini, yana ta cizon ƙafarsa har na kai saran ƙarshe. Na fi tuna wannan kyarkecin a kan saran da na yi.

Batun sandar da yake riƙewa a sama, da gangan yake yi. Kada ka kalli ɗagawar, ka jira saukowar. Kuma ka nemi ƙaramin UPS, batirin da ke riƙe wuta in an ɗauke, don ɗauke wuta ana cikin wasa yana iya lalata ma'ajiyar PS4.

Maman Yara, Idi-Araba:

Ƙanina ba kai kaɗai ba ne. Ni ba na bugawa sosai, maigidana ne da yara, amma na zauna na kalli Shadow of the Colossus daga farko har ƙarshe saboda Agro, dokin da ke ciki. Tsohon gem ne na 2005, an sake gina shi don PS4 a 2018. Ƙattai 16 za ka kayar, kuma duk faɗin ƙasar nan babu kowa sai kai da dokinka. Abin da ya burge ni, Agro ba ya bin umarni kamar mota. Wani lokaci a ja linzami ya yi gardama, a bakin rami ya ƙi matsawa. Babban ɗana ya riƙa fushi da shi da farko. Akwai wani abu da dokin ya yi a kan wata gada dab da ƙarshe, ba zan faɗa maka ba don kada in ɓata maka, amma yaron nan da ke fushi da shi sai da ya yi hawaye a gabana. In ka gama da wanda ke hannunka ka neme shi.

Ɗan Kano Obalende:

Ni ra'ayina ya bambanta da na Mai Gyaran Waya. Mutumin da ke da awa ɗaya a dare, bayan ya wuni a tsaye cikin hayaniyar Mile 12, bai kamata ya ƙarar da ita cikin ɓacin rai ba. Malam, abin da kake nema Red Dead Redemption 2 ne. A can doki yana jin yunwa, yana yin datti, sai ka goge shi da buroshi, ka ciyar da shi, ka lallashe shi in ya firgita da maciji ko ƙarar bindiga. Shaƙuwarku mataki huɗu ce, tana ƙaruwa yana ƙara juriya da jin kiranka daga nesa. Kuma in ya mutu ya mutu kenan, sai dai in kana da maganin farfaɗo da shi ka kai masa kafin ya cika. Ba kamar Torrent ba da za ka ba da kwalbar magani ɗaya ya dawo. Ka dai share wuri, yana cin kusan giga 100.

In kare kake so, akwai D-Dog a Metal Gear Solid V, tun yana ɗan kwikwiyo kake tsintar sa, ya girma ya riƙa nuna maka inda abokan gaba suke.

Mai Gyaran Waya, Ikeja:

Ɗan Kano, Red Dead gem ne mai kyau, ban musa ba. Amma ka sake karanta abin da ya rubuta. Sai bayan Margit ya wahalar da shi yake komawa wurin dokin. A ƙasar da kusan duk abin da ke motsi so yake ya kashe ka, shi ne wanda in ka yi fito zai zo, ko dodanni goma ke bin ka. Ni na sha tsira da tsallen nan nasa mai hawa biyu, jinina saura ƙiris. Da gem ɗin mai sauƙi ne, da Torrent abin hawa ne kawai kamar okada.

Baba Mai Dawaki, Ikoyi:

Ɗana, ni ban san waɗannan sunaye da kuke kira ba, yarona ne ya sa ni a wannan zaure don yana son wasan. Amma maganarka ta taɓa ni, don na san abin da ke damun ka. Shekarata sama da ashirin ina kula da dawakin folo a nan, kuma yawancin mu da ke wannan aiki daga Arewa muka zo. Wanda ya taso da doki, ƙamshin barga ba ya fita daga hancinsa. Kada ka ji kunyar abin da ka ji. Allah da kansa ya ambaci karen Ashabul Kahfi yana shimfiɗe da hannuwansa a bakin kogo, kuma ya yi rantsuwa da dawaki masu gudu a Suratul Adiyat.

Ka yi wasanka, amma ka kiyaye abu biyu: kada ya ci maka asuba, kada kuɗin mai ya taɓa abin da kake aikawa gida. Sannan duk ranar da ka samu sarari ka yi mini magana ta gefe. Da sassafe muke fitar da su motsa jiki. Zan nemi izinin mai su, ka zo ka riƙe mini ragama, akwai wata goɗiya mai sanyin hali da ba ta ƙin baƙon hannu.

Ɗan Zazzau a Agege:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Yaya Mai Gyaran Waya, jiya na koma majami'ar da dare kamar yadda ka ce, na samu matar zaune a kan rusasshen bango, ta ba ni ƙararrawar. Na gwada ta a kan sojojin da ke sansanin bakin ƙofa, kyarketan suka fito su uku suna gurnani, abokin ɗakina har ya tashi zaune yana tambayar daga ina na samo karnuka. Ban koma wurin Margit ba tukuna, na yi kudu, na samu Sacred Tear ɗaya. Ɗan Kano, na rubuta sunan naka, zan tambaya a Alaba in kasuwa ta yi kyau. Anti, na gode da ba ki faɗa mini ƙarshen ba.

Baba, na turo maka saƙo. Ranar Lahadi abokina zai riƙe mini rumfa. Ka gaya mini ƙarfe nawa zan iso, da motar da zan hau daga Obalende, kuma ko in taho wa goɗiyar da karas daga kasuwa.