Mun sauya kamfanin intanet, adireshin IP ya tsaya mana a wuya

Assalamu alaikum. Ni ke kula da na'urorin wani ƙaramin ofishi a Kano. Watan jiya muka bar kamfanin da ke ba mu intanet. Adireshin IP (lambobin da ake gane na'ura da su a intanet) guda 32 da muke amfani da su, wato /27, daga cikin rabonsa suke, kuma ya ba mu mako biyu mu mayar masa. Na roƙi sabon kamfanin ya sanar da adireshin ta BGP, tsarin da kamfanonin intanet ke sanar da juna hanyar isa ga adireshi, ya ce ko ya yi ba za su isa ko'ina ba, domin manyan kamfanoni na tace duk rukunin da bai kai /24 (adireshi 256) ba don kada teburin hanyoyin intanet ya cika.

Sai na fara sauya adireshin na'urorinmu zuwa na sabon kamfanin. A DNS, tsarin da ke haɗa suna da adireshi, na rage TTL (tsawon lokacin da ake riƙe tsohon bayani) zuwa daƙiƙa 300, kwamfutocin da ke karɓar adireshi kai tsaye ta DHCP sun koma lafiya. Amma VPN ɗinmu, wato keɓaɓɓiyar hanyar da ke haɗa mu da reshen Kaduna, ya ƙi tashi ko da na gyara adireshin ɓangarorin biyu, saƙonnin imel ɗinmu kuma ana dawo da su saboda babu PTR, bayanin DNS da ke nuna sunan da ke kan adireshi. Wallahi na gaji.

Don Allah, ofishi kamar namu zai iya samun /24 da ASN (lambar shaidar cibiyar sadarwa a BGP) na kansa daga AFRINIC, hukumar da ke raba adireshin IP a Afirka, don kada mu sake shan wannan wahalar?