Shawarwarin Matafiya Kan Yawon Hamada da Tsibirai

A tattaunawar da wasu matafiya suka yi a Kaduna, hamada ce ta fi ɗaukar lokaci. Waɗanda suka san Agadas sun ce a je tsakanin Nuwamba da Fabrairu, a ga hasumiyar babban masallacinta mai tsawon mita 27, amma kada a kuskura a shiga hamadar Tenere ba tare da ɗan jagora da isasshen ruwa da bargo ba, domin sanyin darenta ya fi hunturun Kaduna tsanani. Sun kuma nanata a binciki halin tsaro tukuna, gargaɗin da nake ganin bai kamata kowa ya raina ba.

Game da tsibirin Zanzibar na ƙasar Tanzaniya kuwa, a guji daminar Maris zuwa Mayu, a kuma sanya rigar kariya daga nutsewa kafin a shiga kwalekwale.