Muhawara: Barin Chrome a koma wata burauza, akwai riba ko duk kanwar ja ce?

Mai Gardama: Assalamu alaikum jama'a. Ni fa na gaji da masu wa'azin a bar Chrome. Matsayata ita ce canza burauza ɓata lokaci ne. Edge, Opera, Brave, Vivaldi, Samsung Internet, duk a kan Chromium aka gina su, wato tushen Chrome ɗin da ake gudu. An gudu ba a tsira ba ke nan. Mai ja ya fito.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Rabin maganarka gaskiya ce, Malam. Manyan injinan burauza uku ne suka rage: Blink na Google da ke cikin Chromium, WebKit na Apple da ke cikin burauzarsa Safari, sai Gecko na Mozilla, masu burauzar Firefox. Opera ta ajiye nata injin a 2013, Microsoft ma ya mayar da Edge kan Chromium a farkon 2020. Amma aikin inji shi ne ya karanta shafi ya zana maka shi a allo. Abin da za a toshe, da abin da za a aika wa kamfani game da kai, da wanda za a bari ya bi sawunka daga wannan shafi zuwa wancan, wannan shawarar mai burauza ce. Brave da Chrome injinsu ɗaya, amma Brave tana toshe talla da masu bibiya tun ranar da ka sauke ta, Chrome ba ta yi. Kuma na lura ka tsallake Firefox a lissafinka.

Mai Gardama: Ban tsallake ta ba, ajiye ta na yi. Wa ke ciyar da Mozilla? Mafi yawan kuɗin shigarta daga Google suke zuwa, ladan sa Google ya zama wurin bincike na farko a Firefox. Safari ma haka. A shari'ar da gwamnatin Amurka ta yi da Google an bayyana cewa a 2022 kaɗai ya biya Apple dala biliyan 20 saboda wannan matsayi. To ina ƴancin yake?

Malama: Ni ban san inji ba, abin da idona ya gani zan faɗa. A wayar Android, Chrome ba ta karɓar ekstenshan, wato ƙaramar manhajar da ake ƙara wa burauza, ko ɗaya. Firefox tana karɓa. Na sa mata uBlock Origin mai toshe talla, shafukan labarai da a da sai bidiyon talla ya gama rufe rubutun kafin in karanta layi biyu, yanzu suna buɗewa fes. Tallan da bai sauko ba, ai bai ci data ba, bai ci batir ba. Wannan kake kira kanwar ja?

Ɗan Auta: Malama ta gama magana. A tashi.

Mai Gardama: Ɗan Auta, zauna tukuna. Malama, ribar da kika samu ta mai toshe talla ce, ba ta Firefox ba.

Injiniya: Nan ne fa gizo ke saƙar. Google ya canza ƙa'idar da ekstenshan ke aiki a kanta, sabuwar ita ake kira Manifest V3. A tsohuwar ƙa'ida, mai toshe talla yana tsayawa ya duba kowace buƙata da shafi ya aika, ya yanke hukunci da kansa. A sabuwar, sai dai ya miƙa wa burauza jerin dokoki masu iyaka, ita ta zartar. Shi ya sa tun 2024 Chrome ta fara kashe cikakken uBlock Origin a kwamfuta, aka bar mutane da ƙaramin, uBlock Origin Lite. Google ya ce don tsaro da sauri ya yi haka, kuma ba ƙarya zalla ba ce, don an sha samun miyagun ekstenshan masu leƙen bayanan mutane. Sai dai kamfanin da mafi yawan arzikinsa daga talla yake, shi ne ya rage wa mai toshe talla ƙarfi. Kowa ya auna da kansa. Firefox ta ci gaba da barin cikakken. Ke nan ribar da Malama ta samu ba ta rabuwa da burauzar da ta zaɓa.

Baba Alhaji: Yara, ku bar ni in shigo. Mu da muka fara taɓa kwamfuta zamanin Internet Explorer mun ga abin da ke faruwa in burauza ɗaya ta mamaye ko'ina. A farkon shekarun 2000 ta kama sama da kashi 90 cikin ɗari. Me ya biyo baya? Aka fitar da ta 6 a 2001, ba a sake fitar da sabuwa ba sai 2006. Babu mai ƙure ta, sai ta yi kwanciyarta. Firefox da ta fito a 2004 ce ta tashe ta, sannan Chrome ta zo a 2008. A watan Yuni na 2022 Microsoft ya yi wa Internet Explorer ritaya. Yau Chrome ke riƙe da wajen kashi biyu cikin uku. In Gecko ya mutu, masu gina shafuka ba za su ƙara damuwa da ƙa'idar da kowa ya amince da ita ba, abin da Chrome ta yarda da shi shi ne doka.

Mai Gardama: Allah ya ƙara girma, Baba, tarihin nan haka yake. Amma ni ba zan ɗauki wahala don in ceci kamfanin wani ba. Akwai shafukan da in ka shiga da Firefox sai maɓalli ya ƙi dannuwa, ko a ce maka ka dawo da Chrome.

Baba Alhaji: To ai ka kawo mini shaida ne, ɗana. Me ya sa maɓallin ya ƙi dannuwa? Don mai shafin da Chrome kaɗai ya gwada.

Ɗan Auta: Ni dai in ina son sirri Incognito nake buɗewa, shi ke nan.

Malama: Ƙanena, Incognito wanda zai ɗauki wayarka bayanka take ɓoye wa tarihin shafukan da ka shiga. Shafin da ka ziyarta yana ganinka, kamfanin layinka ma ya san inda ka je. An ma kai Google ƙara a Amurka kan bayanan da yake tattarawa daga masu amfani da ita, a 2024 ya amince zai goge ɗimbin bayanan.

Injiniya: Sannan ga batun kukis na ɓangare na uku, waɗanda kamfanonin talla ke dasawa don su gane ka a shafuka daban-daban. Shi ne dalilin da za ka duba takalmi a wani shafi, ka yi ta cin karo da tallansa duk inda ka nufa. Firefox ta fara toshe na masu bibiya kai tsaye a 2019, Safari ta toshe su gaba ɗaya a 2020. Google ya yi alkawari a 2020 zai cire su daga Chrome, ya yi ta ɗage ranar, a 2024 ya ce ya fasa. Kana iya kashe su da hannunka a saitin Chrome, gaskiya ne, amma mutum nawa ke shiga saiti?

Mai Gardama: To ga tambaya, Injiniya, ka ba ni amsa tsakani da Allah. Na koma Brave ko Firefox, sannan na buɗe Gmail, na shiga YouTube, na yi bincike a Google da akawun ɗina. Na ɓuya?

Injiniya: Ba ka ɓuya ba. Abin da ka yi a cikin gidan Google da sunanka, Google ya sani, ko da wace burauza ka shiga. Abin da ya ragu shi ne bin ka zuwa sauran shafuka. Kuma kada a ɗauka duk sabuwar burauza alheri ce. VPN ɗin da ke cikin Opera abin da ya bi ta burauzar kawai yake rufewa, sauran manhajojin wayar suna waje. Opera Mini kuwa tana rage cin data ne ta hanyar bi da shafin ta kwamfutocin kamfanin su matse shi, wato ka ƙara mai gani a tsakani. Brave ma tana da nata tsarin talla da kuɗin kirifto, ko da yake ɓangaren kuɗin sai ka kunna shi da kanka. Masu iPhone kuma, a mafi yawan ƙasashe duk burauzar da kuka sauke WebKit ne a cikinta, don haka kada ku sa ran wani bambancin sauri.

Mai Gardama: Ka ga ka dawo layina.

Malama: Bai dawo ba. Kai ka ce babu riba sam, shi ya ce ribar tana da iyaka. Kuma wahalar da kake ta ambata, wace wahala? Sabuwar burauza a kwamfuta da kanta take tambayarka ko ta kwaso bukmak, wato shafukan da ka adana, da kalmomin sirri da tarihi daga tsohuwar. Ba wanda ya ce ka goge Chrome. Ni ma ban goge ta ba, na ajiye ta saboda shafin da ya yi gardama irin taka.

Ɗan Auta: Malama, a waya ma tana kwasowa?

Malama: A waya ba ta cika yi kai tsaye ba. Ka kwaso a kwamfuta, ka buɗe akawun na sabuwar burauzar, ka shiga da shi a wayar, sai komai ya biyo ka. Ka tabbata kalmomin sirrinka sun iso kafin ka taɓa na tsohuwar.

Mai Gardama: Batun talla a waya na ba Malama, wannan ba ni da ta cewa. Amma maganar sirri, ina nan kan bakana har sai wanda ya bar Chrome ya bar Gmail. Injiniya, da wane imel kake amfani?

Injiniya: Gmail.