Ƙananan fai masu cuku don baƙin Sallah

Tambaya daga Tudun Wada, Gombe:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Ina so in tarbi baƙin Sallah da ƙananan fai (wato gasasshen kwaɓin fulawa mai haɗi a ciki) masu cuku da 'ya'yan itace, amma da na gwada da abarba sai ƙasansu ya jiƙe ya yi laushi. A ina na kuskure?

Amsa:
Wa'alaikumus salam, ƙanwata. Ruwan abarbar ne ya jawo. Ki dafa ta da ɗan sukari har ruwan ya tsotse, ta huce sarai kafin ki zuba.

Amsa:
Ni dabino na fi amincewa da shi, domin ba shi da ruwa, kuma zaƙinsa yana dacewa da gishirin cuku. Saboda zafin garinmu, ki murza bota mai sanyi cikin fulawa, sannan kwaɓin ya huta minti 30 a firji.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri, Hajiya. Gobe zan gwada da dabino.