Neman kalma: me za mu kira zaɓen da talakawa ke sauke gwamna kafin wa'adinsa ya cika?

Uwar Shiri: Assalamu alaikum malamai. Ƙarfe 8 na daren yau za a watsa shirinmu na sharhi kan siyasar Amurka, rubutun kuma dole ya isa hannun edita kafin la'asar. Kalmar "recall" ce ta tsaya mini, irin wanda aka yi wa gwamnan Kalifoniya Gavin Newsom ranar 14 ga Satumbar 2021. Na rubuta "yunƙurin tsige shi", amma raina bai kwanta ba.

Barista: Hajiya goge "tsigewa" tun da wuri. Tsigewa aikin majalisa ne, irin wanda aka yi wa Balarabe Musa a Kaduna a 1981, sashe na 188 ke nan a tsarin mulkinmu na yanzu. Wannan kuwa babu hannun majalisa a ciki. A Kalifoniya masu ƙorafi ne ke tara sa hannun da ya kai kashi 12 cikin ɗari na ƙuri'un da aka kaɗa a zaɓen gwamna na baya. A 2021 sa hannu 1,495,709 ake bukata. Kalmar tana hannunmu tuni: kiranye. Da ita aka ba da labarin Dino Melaye a 2018 da na Natasha Akpoti-Uduaghan a 2025.

Tsohon Tafinta: Na goyi bayan Barista, amma a lura da takardar ƙuri'ar, tambaya biyu ce a kanta. Ta farko: a sauke shi, i ko a'a. Ta biyu: in an sauke shi, wa zai hau. Gwamnan ba ya cikin jerin na biyu. Saboda haka zai iya samun goyon bayan kashi 49 ya faɗi, wani mai kashi 25 ya gaje shi, tunda mafi yawan ƙuri'a kawai ake nema. A 2003 mutum 135 ne a jerin, aka sauke gwamna Gray Davis, Arnold Schwarzenegger ya hau. Ta farko ƙuri'ar kiranye ce, ta biyu zaɓen magaji.

Malam Nahawu: Ni dai ban taɓa yarda da kiranyen nan ba. Ku tambayi kowace tsohuwa. Kiranye asiri ne, wanda ake yi wa mutumin da ya yi nisa don ya dawo gida ko bai so ba, kishiyar kurciya. To, sanata ya tafi Abuja, in aka ce an yi masa kiranye akwai ɗan hoto a ciki, na haƙura. Gwamna fa? Yana zaune a jiharsa. Daga ina za a kirawo shi, zuwa ina? Abin da ake yi masa shi ne tuɓewa. Ina ba da shawarar "zaɓen tuɓe rawani". Kowane Bahaushe ya san abin da ake nufi.

Barista: Malam, tuɓe rawani daga sama yake zuwa. Gwamna ke tuɓe sarki. Ka saka ta a nan ka kifar da ma'anar, mai sauraro zai ɗauka shugaban ƙasa ne ya cire gwamnan.

Malam Nahawu: Ai shi ya sa na gabatar da "zaɓen". Kuma ba sai rawani ake tuɓewa ba, ana tuɓe riga, ana tuɓe takalmi, mutum da hannunsa.

Ɗan Maraɗi: Mu nan gwamnonin jihohi naɗa su ake yi, to abin ma baƙo ne gare mu gaba ɗaya. Me zai hana "ƙuri'ar yanke ƙauna"? An saba jin ta.

Tsohon Tafinta: An saba, amma 'yan majalisa ne ke kaɗa ta a kan firaminista da gwamnatinsa. Mun koma matsalar tsigewa. Haka "ƙuri'ar raba gardama": sashe na 69 na tsarin mulkin Najeriya ya tanade ta a matsayin mataki ɗaya cikin kiranye, bayan fiye da rabin masu rajista a mazaɓa sun sa hannu, INEC ta tantance, sannan a gudanar da ita cikin kwana 90. Ba za a kira gida da sunan ɗaki ɗaya ba.

Malam Nahawu: Duk wannan don gidajen rediyon ƙetare sun faɗa ne kuke bi. Wani ya ƙago kalma cikin gaggawa minti biyar kafin labarai, shekara goma sai ta zama doka. Ina masana? Ina jami'o'i?

Ɗan Maraɗi: Malam ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. In Kano ta faɗi kalma sai a ce daidaitacciya ce, in mu muka faɗa sai a ce karin harshe ne.

Malam Nahawu: Wannan kuma wata magana ce, ɗan'uwa. Daidaitacciyar Hausa ba ta Kano kaɗai ba ce.

Ɗan Maraɗi: Haka kuke cewa kullum.

Uwar Shiri: Don Allah malamai, azahar ta wuce. Ga jumlar da nake son gyarawa: yadda abin zai iya shafar siyasar ƙasa baki ɗaya.

Mai Sharhi: Hajiya, a nan ne ma zaɓin kalma yake da nauyi, domin hanyar da abin ke bi ya kai Washington a fili take. A 2021 majalisar dattawa 50 da 50 take, mataimakiyar shugaban ƙasa Kamala Harris ke raba gardama idan ƙuri'u suka yi kunnen doki. Sanatar Kalifoniya Dianne Feinstein, 'yar jam'iyyar Democrat kamar Newsom da Biden, tana da shekara 88, kuma idan kujerar sanata ta zama babu kowa a jihar, gwamna ke naɗa mai riƙo. Da an sauke Newsom, Larry Elder na jam'iyyar Republican shi ne kan gaba a jerin mutum 46. Kujera ɗaya ta sauya hannu, rinjayen Biden ya tafi. Shi ya sa Biden ya je birnin Long Beach na Kalifoniya yaƙin neman ƙuri'a ana gobe zaɓe. Ba tsoron banza ba ne kuwa: Feinstein ta rasu a Satumbar 2023, Newsom ya naɗa Laphonza Butler. In kika ce "tsigewa", mai sauraro zai tambayi yadda majalisar da 'yan Democrat suka cika za ta tsige nasu, labarin ya lalace.

Sai dai kada a cika gishiri. A Wiskonsin, 5 ga Yunin 2012, gwamna Scott Walker na jam'iyyar Republican ya tsallake kiranye da kashi 53 bayan rikicinsa da ƙungiyoyin ƙwadago kan dokar da ta rage musu ikon ciniki da gwamnati. An yi ta cewa jihar ta kuɓuce wa Obama. Wata biyar bayan nan Obama ya ci jihar. Abin da Walker ya samu shi ne suna da masu ba da kuɗi a faɗin ƙasar, ya fito neman shugabanci a 2015, ya janye a watan Satumba.

Tsohon Tafinta: Wiskonsin ma ta ƙara nuna bambancin. Can babu i ko a'a. Sa hannun kashi 25 cikin kwana 60, sai a sake zaɓe kai tsaye, gwamnan yana cikin 'yan takara. Wannan "zaɓen kiranye" ne sak. Sannan Hajiya ki kiyayi tarko ɗaya: kada ki ce Newsom ya samu ƙuri'ar "a'a" kusan kashi 62. A kunne faɗuwa ce. Ki ce kusan kashi 62 sun ce a bar shi.

Malam Nahawu: Har yanzu babu wanda ya amsa mini daga ina ake kirawo gwamna.

Barista: Daga kan kujera, Malam. Kuma kiranye tana da abin da taka ba ta da shi, tana shiga jumla ba gargada: an yi masa kiranye, ya tsallake kiranye, masu neman kiranye. Gwada "masu neman zaɓen tuɓe rawanin gwamna" a kanun labarai mu ji numfashinka. Abu ɗaya kawai, a faɗa wa masu sauraro cewa tsarin mulkinmu bai tanadi kiranye ga gwamna ba, sai 'yan majalisar tarayya da na jiha, sashe na 69 da na 110. In ba haka ba gobe wayoyin gidan rediyon ba za su huta ba.

Uwar Shiri: Ga abin da na tura: "zaɓen kiranye, wato ƙuri'ar da talakawa ke kaɗawa don sauke gwamna kafin wa'adinsa ya cika". Bayanin sau ɗaya a farko, daga nan kiranye kawai. Na gode ƙwarai.

Malam Nahawu: Da bayanin a gefe na bari ta wuce na daren yau. Amma "sauke" ɗin nan da kika saka a bayanin, ita ce ke ɗauke da ma'anar, ba kiranyen ba. A rubuce kuwa ni tuɓewa zan ci gaba da sawa.

Ɗan Maraɗi: Batun kari kuma ban janye ba.