Agarar dokina ta tsage, ko allurar sitem sel za ta yi?

Ɗan Kilisa:
Assalamu alaikum. Ina da akawal ɗan shekara bakwai, da shi nake hawa tun ina bayan mahaifina a tawaga. Kwana 9 ke nan muka fita kilisa bayan ruwan sama, na sake masa linzami a fako, ashe ƙasar ta yi laushi. Da muka dawo sai na ga yana ɗingishi. Washegari bayan ƙafarsa ta gaba ta hagu, tsakanin gwiwa da idon sawu, ta kumbura ta yi baka, in ka taɓa zafi rau. Likita ya yi sikanin, ya nuna min wani baƙin rami a tsakiyar agarar. Wani abokina ɗan folo ya ce a Ingila allurar sitem sel ake yi. Don Allah mene ne gaskiyarta? Zai iya hawan Sallah bana?

Baba Mai Harawa:
Wa alaikumus salam, yaro. Allah ya ba shi lafiya. Mu a da lalas muke yi, a ƙona wurin da ƙarfe. Yanzu da na tsufa na gane hutun dole da ƙunar ke jawowa ne yake warkarwa, azabar kuwa a banza. Kada ka bari kowa ya kusance shi da wuta. Ruwan sanyi safe da yamma, a naɗe ƙafafun gaban duka biyu, ka rage masa dawa don kada ƙarfi ya sa shi tsalle a muri.

Likitar Barga:
Malam, sannu. Matsalar agara ita ce takan warke da tabo, tabo kuwa ba ya miƙewa kamar naman asali. Shi ya sa doki kan koma gudu, sai ta sake tsagewa, galibi a bakin tabon.

Yadda ake aikin: a kwantar wa dokin hankali da allura yana tsaye, a zuƙo ɓargo daga ƙashin ƙirjinsa, a kai ɗakin gwaji a raini ƙwayoyin halittar da ke cikinsa masu taimaka wa gyaran nama, wato sitem sel, mako biyu zuwa uku har su kai kamar miliyan 10. Sai a tsira su cikin ramin nan da ka gani, ana kallo a na'urar sikanin. Farfesa Roger Smith na kwalejin likitancin dabbobi ta Landan da abokan aikinsa ne suka fara bayyana wannan hanya a 2003. A 2012 aka fitar da sakamakon bibiyar dawakan sukuwar da aka yi wa. A cikin masu tseren tsallake shinge, kusan kashi 26 cikin ɗari ne raunin ya dawo musu, alhali wani bincike na baya, ba da allurar ba, ya samu kashi 56. Na yarda da amfaninta, sai dai ka lura dawakai daban aka kwatanta, a lokuta daban.

Abin da ya fi damuna shi ne mutane na ɗauka tana gaggauta warkewa. Dawakan nan duka sai da aka bi da su a hankali kusan shekara guda: tafiya a hannu minti 10 a kullum, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan, sassarfa sai bayan wata uku da sabon sikanin. Hawan bana ka cire shi daga ranka, ko ya daina ɗingishi. Ciwon kan lafa tun agarar ba ta yi ƙwari ba.

In za ka yi, kada ka ja lokaci, ana son allurar kafin tabo ya cike ramin. In ɗakin gwajin ya yi wuya, ka tambayi likitanka batun PRP, wadda ake tacewa daga jinin dokin a yi masa rana ɗaya.

Ɗan Kilisa:
Na gode Baba, na gode Likita. Wallahi maganar hawan ta taɓa ni, jiya har na ɗauko jalalarsa na kakkaɓe. Na mayar da ita akwati, zan ari dokin ƙanena. Likita, tafiyar hannun a kan yashi za mu riƙa yi, ko a ƙasa mai tauri?

Likitar Barga:
Ƙasa mai tauri, shimfiɗaɗɗiya. Yashi mai zurfi yana ƙara ja wa agara. A kira mai gyaran kofato kuma ya rage masa tsawon gaban kofaton.